Teburin Lahadi na Mama Ozella

Duk wanda ya taɓa sauka ɗakin ƙasa na cocin Rijiyar Yakubu ranar Lahadi ya san Mama Ozella Pettiford, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajerar tsohuwar nan mai farar hula da ke tsaye bayan tukwane, ludayi a hannu, tana duban farantinka kafin ta dubi fuskarka. In ta ga ka ɗebi kaɗan sai ta ƙara maka, ba ta neman izini. In ka ce ya isa, ta ce, "Wa ya tambaye ka?"

Ni Vernetta, aikina a cocin tsaron ƙofa ne. Da farar safar hannu nake tsayawa, in nuna wa mutane wurin zama, in karɓe cingam daga bakin yara. Na daɗe a bakin ƙofar nan ina kallon shigar mutane da fitarsu, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

A wani ƙauyen masu noman taba aka haifi Mama Ozella, can Carolina. Tana budurwa ta hau jirgin ƙasa zuwa Washington da akwati ɗaya da soyayyar kaza a cikin kwalin takalmi, don a lokacin ba ko'ina ake sayar wa baƙar fata abinci a hanya ba. Ta samu aiki a kicin ɗin wata firamare, a nan ta tsufa. Mijinta Clement direban motar kwasar shara ne, mutum mai sanyi, wanda duk unguwa ta san cewa a gida ba tasa ake bi ba. Suka sayi wani siririn gidan jan bulo a Titin Larkin, ƙofa kaɗan daga coci, lokacin da farare ke ɗaure kayansu suna komawa bayan gari don kada su haɗa bango da mu. Tana nan shekarar da aka ƙona shagunan unguwar. Tana nan shekarun ƙwaya, sa'ad da sai ta share allurai daga bakin ƙofarta kafin ta fita sujada. Waɗannan shekarun ne suka cinye ɗanta tilo, ba a jima ba baƙin ciki ya tafi da Clement. Mama ba ta gusa ko nan da can ba.

Mu ne muka gusa. Haya ta yi ta hawa, harajin gida ya bi ta, masu sayen gidaje suka hana mu sakat da buga ƙofa, ɗaya bayan ɗaya muka tattara muka koma Maryland. Jikokin waɗanda suka gudu a da suka dawo da karnukansu da kekunansu. Shagon askinmu ya zama gidan shan kofi, gidajen da aka ce ba su da daraja muna ciki suka wayi gari da daraja. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Cikin ɗaruruwan 'yan cocin, Mama kaɗai ta rage a unguwar. Ita kaɗai ce kuma ke zuwa sujada da ƙafa, don ba ta taɓa koyon tuƙi ba, gaban mota ma ba ta son zama.

Amma ranar Lahadi titin namu ne. Tun da safe motoci ke kwararowa daga Maryland, shi kuwa cocin an gina shi ne zamanin da kowa ke takowa, ba shi da filin ajiye mota ko ta mutum ɗaya. Maganin wannan yana hannun dattijon cocinmu, Dikin Lucius Gaither, wani dogon tsohon soja mai usur a wuya da jakar fata a kafaɗa. Zai jera layin farko a bakin titi, ya kawo na biyu ya toshe shi, ranar Ista har na uku yake yi. Duk wanda ya sauka sai ya jefa makullinsa a jakar Dikin. 'Yan sanda sun sani, suna kau da kai shekara da shekaru. Dokar Dikin kuwa ɗaya ce: jakar ba ta buɗuwa sai Mama Ozella ta kife tukunyar ƙarshe.

To, kun ga ke nan ba mai fita. Da Fasto ya sa albarka sai a gangara ƙasa gaba ɗaya, mai jin yunwa da wanda ba ya ji. Soyayyar kaza, makaroni da cuku, ganye da aka dafa da kyafaffen talotalo, dankali mai zaƙi, burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara a manyan kuloli. Tun Juma'a Mama ke fara aikin, ranar Asabar in je gidanta in taya ta tsinkar ganye. Kowane mako kuwa sai an samu mai gwada sa'arsa a wajen Dikin.

"Dikin, don girman Allah ba ni makullina, yanzu za a take wasa."

"Su take mana. Kai za ka buga musu da wannan tumbin?"

"Ba haka ba ne, matata ce ba ta jin daɗi."

"Matar da na gani yanzu da cinyar kaza biyu? Koma ka zauna, ɗan nan, tun ban kira maka Ozella ba."

Sai mutum ya koma yana ƙunƙuni, kafin ka ankara ka gan shi can yana ƙyaƙyata dariya da bakinsa cike. A wannan ɗakin aka samar wa rabin samarinmu aiki. A nan ake jin wa aka kwantar a asibiti, wa aka kora daga gidan haya, 'yar wa ta samu jami'a. Mata biyu da suka shekara ba sa ga maciji da juna, Mama za ta zaunar da su teburi ɗaya ta ajiye musu kwanon ganye ɗaya, tun suna harare-harare har ɗaya ta ce a miƙo mata gishiri. Ba a watsewa sai la'asar. Ita Mama sauran kwanakin mako a gida take yin su ita kaɗai, daga ita sai rediyo, a unguwar da yanzu ba mai kiranta Mama. Lahadin nan ce duk abin da take da shi, kuma ta ishe ta.

Wata Talata da rana tana zaune a barandarta sai wata motar kaya ta buge wani mai keke a gaban idonta. Ɗan Habasha ne, cikin masu kai wa mutane abinci gida, akwatin kayansa na goye a bayansa. Kafin kowa ya farga Mama ta isa tsakiyar titi da sandarta, ta zauna a kan kwalta ta ɗora kansa a cinyarta. Yana ta magana da yarensu, ita kuma tana cewa, "Na ji, ɗana, na ji, ina nan." A cinyarta ya cika kafin motar asibiti ta iso. Bayan kwana biyu sababbin maƙwabta suka shafa wa wani keke farin fenti suka ɗaure shi a jikin falwaya don tunawa da mamacin, suka fara bin gida gida suna neman a ware wa masu keke hanyarsu a Titin Larkin. Hukumar birni ta amince. Gefen da ta zaɓa kuwa gefen cocinmu ne, daidai inda Dikin ke jera motoci.

Coci ya ɗauki zafi. Fasto Tolliver, mutum ne mai murya, in ya hau wa'azi har fitilu sai sun girgiza, ya ce hana mu wurin tsayawa hana mu sujada ne. Aka ɗauki lauya ya rubuta wa hukuma cewa ana tauye mana 'yancin addini. Ranar da aka kira taron jin ra'ayi a zauren wata makaranta, muka je da manyan hulunanmu na Lahadi, su kuma suka zo da hulunan kwanonsu a hannu. Ba a daɗe ba wuri ya kaure.

Wata daga cikinmu ta miƙe tana nuna su da jaka. "Kun kwashe gidajen, kun kwashe shagunan, yanzu kuma titin kuke so? Rana ɗaya fa a mako! Shekara nawa muna roƙon a sa mana fitila a wannan kwanar, yaranmu nawa aka buge, wa ya saurare mu? Sai da kuka zo aka san akwai mutane a nan!"

Wani saurayi mai jan gemu ya ce, "Mutum ya mutu a nan. Mutum. Ku kuna maganar inda za ku ajiye mota, alhali ba ma a unguwar kuke kwana ba."

Na ce masa, "Wa ya kore mu daga unguwar, kakarka?" Aka ja ni aka zaunar. Ban ji kunya ba a lokacin, amma ko ina faɗa na san yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da aka tashi taron muka fito tare da Mama. Muna tafe ina riƙe da hannunta ta ce, "Vernetta, na wanke rigar nan sau nawa, jinin yaron ya ƙi fita. Ni a yi musu hanyarsu. Amma kuma in mutanena ba su samu wurin tsayawa ba, wa zan dafa wa?"

Ganin rikicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, hukuma ta ce a nemi tsakiya. Ta turo wata ma'aikaciyarta, yarinya mai ladabi da ake kira Corinne, ta ji yadda muke gudanar da Lahadinmu. Fasto ya ce mata, "Je ki wurin Mama Ozella. Ita kaɗai ce tamu da ke zaune a titin, kuma ba wanda ya fi ta sanin cocin nan." Ranar Asabar ta zo, muna tsakiyar tsinkar ganye. Mama ba ta bari ta buɗe baki ba sai da ta cinye yankan kek biyu.

Corinne ta goge hannu ta ce, "Mama, so muke mu bar muku wurin a lokacin ibadarku, masu keke su kauce. Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa kuke sujada?"

"Sha ɗaya muke shiga. Ƙarfe ɗaya Fasto ya sa albarka, in dai Ruhu bai kama shi ba."

"Bayan nan fa? Akwai wani abu?"

Mama ta yi dariya ta kaɗa hannu. "Bayan nan ai ci ne kawai da surutu, 'yata."

Ni ma na gyaɗa kai, kuma duk wanda aka tambaya a cocin nan abin da zai faɗa ke nan. Haka aka rene mu. Ɗakin sama na Allah ne, ko alewa ba a tsotsa a can. Ɗakin ƙasa kuwa na cika ciki ne. A ce wa ma'aikaciyar gwamnati cin kaza ibada ne, a wurin Mama yi wa Ubangiji ƙarya ke nan don neman wurin ajiye mota, kuma ta gwammace a yanke mata harshe. Corinne ta rubuta abin da aka gaya mata, ta karɓi sauran kek ɗin a leda ta tafi.

Da yarjejeniya ta fito, aka shafa wa gefen titin koren fenti, aka kafa alluna. Ranar Lahadi an yarda mu jera motocinmu yadda muka saba, layi biyu, har ƙarfe ɗaya. Daga nan hanya ta koma ta masu keke, motar da aka tarar kuma janwe ya ɗauke, sai ka biya tara mai zafi kafin ka sake ganinta. Fasto ya karanta mana daga kan bagadi, muka tashi muna tafi muna "Halleluya!" Ana ta rungumar lauya. Mama ma ta ɗaga hankicinta tana kaɗawa. A ganinmu mun kayar da birni guda.

Lahadin farko na gane abin da muka yi wa kanmu. Mu a wurinmu in mutum zai fita ana tsakiyar sujada, sai ya sunkuyar da kai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, alamar a gafarce shi. A da sai a gama sujada ban ga yatsa uku ba, su ma masu kai yara bayi ne. Ran nan ana fara waƙar ƙarshe na ga yatsu sun tashi ko'ina, kamar an shuka su. Dole na buɗe ƙofa biyu. Dikin Lucius na tsaye a waje da jakarsa a buɗe, karon farko tun da na san shi, yana kiran sunaye yana jefa makullai, domin sai na waje sun janye kafin na ciki su fita. Kafin Fasto ya ce amin rabin kujeru sun zama fanko. Janwe kuwa ya riga ya tsaya a kan kwana, direban yana cin burodinsa yana duban agogo.

Na sauka ƙasa na tarar da Mama bayan tukwanenta, tebura a shimfiɗe da fararen zannuwa. Waɗanda suka sauko ba su cika teburi biyu ba: tsofaffi masu zuwa da bas, da ni da nake hawa jirgin ƙasa, da Dikin da ke ajiye tsohuwar motarsa a bayan wani gareji. Mama ta ce, "Yau ruɗewa ce, ba su saba ba. Mako mai zuwa za su nemi wani wurin su sake ajiyewa su dawo." Ba su dawo ba. A unguwar nan yanzu ka zagaya har man motarka ya ƙare ba ka samu inda za ka soka ta ba, kuma wanda ya riga ya zauna a mota ya kunna, hanyar gida kawai yake gani.

Ba ta rage awo ba. Na yi mata magana, ta ce ranar da ta rage, ran nan za su zo ta ji kunya. Wasu mata suka kawo shawarar a riƙa zubawa a robobi kowa ya wuce da nasa. Mama ta ce, "Abincina ba a cinsa a kan sitiyari." Ta yi wata guda tana kan bakanta. Bayan nan, wata Lahadi na fito na gan ta a bakin titi da sandarta, tana miƙa robobi ta tagar motoci, mutane na cewa "Allah ya yi albarka, Mama!" suna taka mai. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Da abin ya ishe ta, ta ce in raka ta ofishin Corinne. Ta sa hularta ta fita unguwa muka hau bas. Ta zauna a gaban yarinyar ta ce, "'Yata, kuskure na yi. Ban gaya miki duka ba. Mukan kai la'asar."

Corinne ta kama hannunta, kuma na ga abin ya taɓa ta da gaske. "Mama, da a hannuna yake da yau na canza. Amma an riga an sa hannu. Sai cocinku ya rubuto, a sake kiran taro, a sake jin ta bakin maƙwabta. Kuma da rana ne iyaye ke fitowa da yara a kan keke, ba za su bari da sauƙi ba."

Muka je wurin Fasto. Ya cire tabarau ya murza ido. "Mama, lauya ya ce in muka sake tayar da maganar, wanda muka samu ma yana iya kuɓucewa. Kuma da wane baki zan ce musu abinci 'yancin addini ne, bayan mu da kanmu muka ce ba shi ba ne? Amma ki kawo maganar gaban ikilisiya, abin da suka ce shi za a yi."

Ta kawo. A taron 'yan coci ta miƙe, ita da ba ta taɓa magana a sama ba in ban da amin, ta tambaya su wa ke so a nemi ƙarin lokaci. Wannan na duban takalminsa, wancan na gyara agogo. Can wani ya ce gaskiya yara suna da wasanni ranar Lahadi da rana. Wata ta ce hanya ba ta cunkushewa in an fita da wuri. Wani mai hikima ya ce a mayar da cin abincin sau ɗaya a wata, ko a bari sai an sayar da ginin an koma Maryland, inda za a samu fili. Wannan ne karon farko da na ji an furta maganar sayar da cocin a fili, kuma ba wanda ya ce subhana. Mama ta ce, "To, na gode," ta zauna.

Dikin Lucius da Mama sun shafe shekaru suna faɗa kan gishiri, shi ya ce ya yi yawa, ita ta ce harshensa ne ya mutu a soja. Amma duk Lahadi shi ke ɗaukar mata tukwane. Makonni biyu bayan taron, ana cikin wa'azi, ya shigo ya tsaya kusa da ni a bakin ƙofa, jakar na rataye a kafaɗarsa a rufe. Ya ce a hankali, "Vernetta, yau za su ci."

"Dikin, me za ka yi?"

"Ke dai in sun tambaya, ce musu ina ƙasa."

Ya gangara. Na so in bi shi in hana shi, na kuma so in ga an yi. Da yatsu suka fara tashi, mutane suka fita suka ga ba Dikin, suka dawo kaina, sai na nuna musu matakala na riga su sauka.

Mama na goge wani faranti da ba ya buƙatar gogewa. Dikin na zaune a teburin tsakiya, ya danne jakar da cinyarsa, bai gaya mata komai ba. Sai ga ƙarar ƙafafu a kan matakala, da yawa, irin wadda ta yi watanni ba ta ji ba. Na ga fuskarta ta buɗe. Ta gyara hula, ta ɗauki ludayi, ta ce, "Yesu na gode. Vernetta, me kike jira? Buɗe tukwanen! Lucius, tashi ka ƙaro kujeru!"

Suka cika ɗakin, amma ba wanda ya dubi tukunya.

"Ina Dikin? Ga shi can! Dikin, makullanmu!"

"Ku zauna ku ci," in ji shi.

"Wane irin ci? Janwe na kan kwana!"

"Ku ci tukuna. Uwarku ta kwana biyu tana dafawa."

"In aka ja motata wa zai biya? Kazar ce za ta biya?"

"Tsoho, ka fara rikicewa ne? An ce maka nan barikin soja ne?"

Wata Latrelle, wadda Mama ta goya a wannan ɗakin tana jaririya, wadda ta ci abincin Mama kyauta duk shekarun da uwarta ba ta da aiki, ta kutso gaba da yaranta biyu. "Mama, ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. Amma gobe da motar nan zan je aiki, in aka ɗauke ta na shiga uku. Ki ce masa ya sake mu, don Allah. Wannan ai ɗauri ne!"

Ba zan ce Latrelle ta yi laifi ba, na san albashinta. Amma na dubi Mama na ga ludayin yana sauka a hankali har ya taɓa bakin tukunya. Ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk ta san su, ta san wanda ba ya cin barkono da wanda ke son ƙurya-ƙuryar makaroni. Sannan ta ce, "Lucius, ba su."

"Ozella, bari su ɗan..."

"Na ce ka ba su. Ba a ɗaure mutum don ya ci abincina."

Ya miƙe ya zazzage jakar a kan farin zanen, makullai suka watsu tsakanin farantai. Aka yi wawaso, kofi ɗaya ya faɗi ya fashe, ba wanda ya waiwaya. Wasu na cewa "Sai mako mai zuwa, Mama" suna hawa da gudu. Nan da nan ɗakin ya koma mu uku da tsofaffin bas, su kuwa suka sunkuyar da kai a kan farantansu kamar su suka yi laifin. Daga sama muna jin hon da ƙarar injuna, sannan suka yi ta raguwa.

Mama ta kashe murhu ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tukwane na cike. Ta daɗe tana kallon fasasshen kofin.

"Vernetta, gaya mini gaskiya. Duk shekarun nan, ba don abincin suke zama ba ko? Jakar ce."

Na ce mata suna sonta, na ce zamani ne, na ce abubuwa da yawa, ina ji da kunnena ba su da nauyi. Ba ta ko dube ni ba.

Dikin ya yi gyaran murya. "Ni don abincin nake zama, Ozella."

Ta ɗago ta kalle shi, ba faɗa a idonta. "Kai ba ka da wurin zuwa ne, Lucius. Kamar ni."

Ya tashi ya ɗauko tsintsiya ya share fasasshen kofin, ni kuma na fara naɗe zannuwan teburan da ba wanda ya zauna a kansu.